Watan da Baffa Bai Gani Ba

Ni tela ne, kuma duk wanda ya san tela ya san babu wanda ya kai shi fargabar ganin watan Sallah. Ranar ashirin da tara ga azumi jama'a na ɗaga kai sama suna fatan a gani, mu kuwa muna sunkuye a kan keke muna roƙon Allah ya ƙara mana kwana guda. Bana ma haka aka yi a shagona da ke nan cikin Daura. Ina haɗa wuyan wata riga, ga yadika a jibge ko yanka su ban yi ba, sai wayata ta fara ƙara. Saƙon murya ne ke shigowa ɗaya bayan ɗaya, kowa na cewa an ga wata. Na ajiye almakashi na ce shi ke nan, an gani, yau masu kaya za su cinye ni. 'Yata Ummi mai shekara takwas, wadda ta kawo mini kunun buɗa-baki ta tsaya jiran kwano, ta dube ni ta ce, "Baba, wa ya gani?"

A makon nan ne malaminsu na Islamiyya ya tare ni a hanya ya ce yarinyar nan ta cika tambaya, in ja mata kunne tun tana ƙarama. Na yi niyyar yi mata faɗa bayan Sallah, domin ni ma abin yana damuna. Ina tsoron ranar da za ta yi tambayar da ba ni da amsarta, ina kuma tsoron bakin mutane. Amma tambayar da ta yi mini a shago na san mai ita, kuma mai ita ta rasu tun kafin a haifi Ummi.

Iya muke ce mata, mahaifiyar babanmu. A ƙauyenmu da ke tsakanin Daura da Mai'adua, murhunta yana gefen rumbu, kuma in an gama girki ba ta bari a kashe wutar. Takan tura karan gero biyu ko uku, ta miƙe ƙafafunta masu ciwo wajen ɗumi, mu jikoki mu kewaye ta tsakanin magariba da isha. Ni takan kira ni maigidanta marar cefane, ta ce tunda ta aure ni ko gishiri ban taɓa sayo mata ba. Tatsuniya tana da ita buhu-buhu, amma in ta gama takan faɗa da bakinta cewa ƙarya ce ta shirga mana. Da azumi kuwa ba ta yin tatsuniya. Ƙissa take yi, labaran bayin Allah na da, waɗanda ta tsinta a zauren mahaifinta tana yarinya, lokacin da take kai wa masu karatu ruwa tana kasa kunne.

Abin da ke ba mu haushi da Iya shi ne ba ta kai labari ƙarshe a miƙe. Sai ta kawo daidai inda ya yi daɗi ta tsaya, ta ɗauki kara tana tonon wuta, ta ce, "To, ku a ganinku wa ke da gaskiya?" In ka maimaita abin da na kusa da kai ya faɗa, misali 'yar'uwarmu Hanne, sai ta ce, "Wannan amsar Hanne ce, mayar mata da kayanta ka kawo taka." In ka kawo taka, ta ce ta yaya ka sani. Mahaifiyata ba ta son wannan ɗabi'a ko kaɗan, tana ganin musu ake koya mana, a cikin maganar addini kuma. Ba ta iya faɗa wa surukarta kai tsaye, sai dai ta yi ta gyaran murya daga ƙofar ɗaki. Iya takan ce, ba tare da ta waiga ba, Allah da ya ba yara hankali bai ce su ajiye shi sai sun yi gemu ba.

Sai kuma Baffa Ilyasu, yayan babanmu, ladanin masallacin gari. Shi ne ɗan farin Iya, saboda haka tsakaninsu akwai kunyar nan ta ɗan fari. Har zuwa lokacin ban taɓa jin ta kira sunansa ba. In ya zo gaishe ta, bango take amsa wa. In za ta yi maganarsa sai ta ce "mai kiran sallar nan". Baffa mutum ne mai kwarjini da saurin fushi, kuma duk garin an yarda da maganarsa. Mu yara mun san wani abu game da shi da manya suke yi kamar ba su sani ba: idonsa ya fara rauni. Yakan miƙo mana agogonsa ya ce mu faɗi ƙarfe nawa, wai yana gwada ko ana koya mana abin kirki a makarantar boko. Ladan da lokaci yake aiki, kuma Baffa yana tsoron ranar da za a ce ya huta a ba wani.

Shekarar da nake magana, ina da sha ɗaya, kuma ita ce shekarar farko da na kai azumi ashirin da tara ban sha ko ɗaya ba. Na rame, na gaji, ga sabuwar rigata a naɗe a ƙarƙashin gadon Iya, kullum sai na leƙa na shinshina ta. Azumin ya faɗo a ƙarshen damina, an fara yankan gero, sama ba ta rasa ɓurɓushin gajimare. Da aka sha ruwa aka yi magariba, maza da yara muka fita masussuka a yammacin gari, inda babu abin da ke tare ido sai wata tsohuwar kuka. Na tsaya kusa da Baffa. Na ƙura ido wuri guda har ya kawo ruwa, ina roƙon Allah a zuciyata. Can sai na ga wani abu siriri fari a saman kukar, tsakanin gajimare biyu. Ban tsaya na sake dubawa ba.

"Ga shi can," na ce.

"Ina?" in ji Baffa.

"Saman kukar nan, Baffa, dama kaɗan."

Ya kare goshinsa da tafin hannu ya daɗe yana kallo. Jama'a suka bar kallon sama suka koma kallonsa. Sai ya ɗaga hannu ya karanta addu'ar ganin wata. Da na ga haka, ɗan kokwanton da ke raina ya tafi, na ce ai ga Baffa ma ya gani. Malam Hudu, maƙwabcinmu mai babur, ya ce shi ma kamar ya hango. Kafin sauran su gano wurin, gajimare ya rufe. Wani da ya dawo daga kasuwar Mai'adua ya ƙara da cewa a can ma ana ta faɗin an gani a tsallaken iyaka. Liman ya ce to, ga manya biyu sun shaida, a dakata da asham. In an yi isha Malam Hudu ya ɗauki Baffa a babur su je wurin dagaci. A can za su rantse, dagaci ya kai wa hakimi, magana ta wuce Daura, daga nan a aika gaba.

Na koma gida kamar wanda ya ci yaƙi. Mahaifiyata ta ƙara mini ƙosai, mata suka fara wanke shinkafa, 'yan mata suka kwaɓa lalle. Amma da na zauna na rufe ido don in sake kallon watan nawa, sai na neme shi na rasa. Ina ganin kukar, ina ganin gajimaren, abin da ke tsakaninsu ne ya ƙi tsayawa. Na tuna malaminmu na allo ya taɓa cewa rantsuwa a kan ƙarya tana bin mutum har kabari, na kuma tuna in gari ya sha azumi da kuskure, akwai wanda zai ɗauki nauyin. Sai in ce wa kaina ai Baffa ya gani, hankalina ya ɗan kwanta, can kuma kokwanton ya dawo.

"Maigidana," in ji Iya daga wurin murhu, "zo ka zauna. An ce yau kai ne idon gari."

Na je na zauna. Akwai Hanne, 'yar Baffa, wadda ta girme ni da shekara biyu kuma bakinta ba ya shiru, da ƙananan yara uku. Iya ta tura kara a wuta ta fara, ba ta ko dube ni ba.

Ta ce a zamanin da ake tafiya Makka a ƙasa, wasu bayin Allah sun tashi daga ƙasar nan da jakunansu da guzurinsu. Suna da madugu wanda ya san hanya, suna da malami mai jan salla. Suka shiga wani daji mai faɗi a tsakiyar damina, hadari ya rufe sama, babu rana babu tauraro. Da azahar ta yi a ranar farko, malamin ya sauko daga jaki ya taka ƙaya. Ya zauna ya juya gefe guda yana cire ta. Shi kuwa madugu tun safe gabas ta ɓace masa, amma yana jin nauyin a ce madugu guda ya rikice. Da ya hango malam ya fuskanci wani gefe, sai ya ce a ransa malam ya gano alƙibla, ya ɗauko buzu ya shimfiɗa ta nan. Malam ya gama cire ƙaya ya ɗago, ya ga madugu ya shimfiɗa buzu, ya ce a ransa wa ya kai madugu sanin gabas. Ya hau ya ta da salla, jama'a suka bi. Tun da kuma inda ake fuskanta a salla nan ne Makka take, da aka sallame sai aka ɗaura kaya aka miƙi wannan gefen.

Haka suka yi ta yi har kwana bakwai, in ji Iya, guzuri na ƙarewa, hanya ba ta kai su ko'ina ba. A cikin ayarin akwai wata tsohuwa mai dafa musu abinci, ba ta da karatu sai na salla. Ita ce ta lura da wani abu. A gida, hadari daga gabas yake tasowa, in ruwa ya kama mutum yana salla a fili, a fuska yake dukansa. Su kuwa kwana bakwai ke nan ruwa a ƙeya yake dukansu. Ta je ta durƙusa gaban malam ta ce, Allah gafarta malam, kai ka gano gabas ɗin nan? Ya ce madugu ne ya shimfiɗa buzu. Ta je wurin madugu ta ce, kai ka gano? Ya ce malam ne ya fuskanta.

Nan Iya ta tsaya ta ɗauki karan tonon wuta.

"Shaidu nawa ke nan a kan gabas ɗin?" ta tambaya.

"Biyu," in ji ƙaramin cikinmu.

"Ba ko ɗaya," in ji Hanne. "Kowa da ɗan'uwansa ya jingina."

"To laifin wa?"

Hanne ta ce na madugu ne, shi da ya san ya ɓace ya yi shiru. Wata ƙanwarmu ta ce na malam ne, shi ke gaba a salla, ya kamata ya tambaya. Suka ɗan yi gardama, Iya na jinsu tana murmushi. Hanne ta ce to sallarsu ta kwana bakwai fa, ta tafi a banza ke nan? Iya ta ce ita ba malama ba ce da za ta yanke hukunci, amma abin da ta ji wurin malamai shi ne wanda ya duba iyakar ƙoƙarinsa ya kuskure, Allah ya ga ƙoƙarinsa. Waɗannan kuwa babu wanda ya duba. Hanne ta ce ita tsohuwar ma ai da laifinta, me ya sa ta bari har kwana bakwai? Iya ta ce, "Kunya ce. Kunya abu ce mai kyau, amma ta ci musu guzurin kwana shida."

Sai Hanne ta yi tambayar da babu wanda ya zata. "Iya, to ai mu ma ba mu ga Aljanna ba, ba mu ga mala'iku ba. Duk ji muka yi."

"Hanne, ki yi istigfari," in ji mahaifiyata daga ƙofar ɗaki.

"Bar ta," in ji Iya. "Gara ta tambaya a gabana da ta tambayi kanta ita kaɗai a ɗaki." Ta juyo wurin Hanne. "Gaskiyarki, ba mu gani ba. Amma kin taɓa jin Musulmi ya ce ya ga Aljanna da idonsa? Cewa muke mun ji, mun gaskata, domin mun san wanda ya kawo saƙon ba ya ƙarya, kuma mun ga alamun Mai saƙon ko'ina muka juya. Ji ba laifi ba ne, 'yar nan, rabin abin da ɗan Adam ya sani ji ya yi. Tsammani ma ba laifi ba ne. Laifin shi ne ka ji ka ce ka gani, ko ka yi tsammani ka ce ka tabbata. Kowanne ka kira shi da sunansa."

Ta ci gaba da tonon wuta, sannan ta ce, kamar maganar ba ta dame ta ba, "Maigidana, watan nan naka, ƙahonninsa ina suka duba?"

Na ce sama. Na ce a'a, kamar kudu. Hawaye suka cika mini ido na ce, "Ai Baffa ma ya gani."

"Kafin ka nuna, ko bayan ka nuna?"

Daidai nan muryar Baffa ta taso daga masallaci yana kiran isha. Ban taɓa jin kiran salla ya tsorata ni ba sai ranar, domin na san da an sallame za a ta da babur. Na matsa jikin Iya na ce, "Iya, ke ki gaya masa mana."

"Ni?" ta ce. "Shekara hamsin ban dubi idon mai kiran sallar nan ba, yau zan tare shi a gaban maza in ce idonsa ya mutu? Kuma ba ni na ce ga shi can ba."

"Zai doke ni."

"Zai iya."

"To yaya labarin ya ƙare?"

"In ka dawo ka ji."

Na yi sallar isha a sahun baya, ban san abin da na karanta ba. Da aka sallame Baffa ya shiga gida ya sako babbar riga. Na same shi a zaure yana gyara rawani, Malam Hudu yana waje yana ta dukan babur da ƙafa ya ƙi tashi. Na durƙusa.

"Baffa, wurinka na zo."

"Yi sauri, Nasiru, tafiya za mu yi."

"Baffa, watan nan... ni ban tabbata ba. Na ga wani abu fari. Ban san ko shi ne ba."

Ya tsaya da hannu a kan rawani. "Me ka ce?"

"Tsammani na yi. Da na ga ka yi addu'a sai na ce shi ne."

"Kai ɗan banza ne? Ba kai ka nuna mini ba?"

"Ni ne, Baffa." Na sunkuyar da kai, na riga na ba da ƙeyata ga mari. Sai na ji bakina ya faɗi abin da har yau nake mamakin inda na samo ƙarfinsa. "Baffa, kai ka gan shi?"

Marin bai zo ba. Babur ya tashi a waje, Malam Hudu ya leƙo ya ce, "Ladan, bismilla." Baffa bai motsa ba. Ya ce, "Hudu, kashe mashin ɗin nan ka shigo." Da ya shigo ya ce masa, "Tsakaninka da Allah, ka ga wata?" Malam Hudu ya sosa ƙeya ya ce shi dai da ya ga ladan ya ɗaga hannu, sai ya ga kamar akwai wani abu a wurin. Baffa ya zauna a kan dakali a hankali. Ni kuwa ina durƙushe ina jiran abin da zai faɗo mini, ina cewa da na sani da na yi shiru a masussuka, da na sani da na yi shiru a zauren ma.

Baffa ya miƙe ya nufi masallaci, inda jama'a ke zaune suna jiran a ga tashinsu. Na bi shi daga nesa na laɓe a bakin ƙofa. Ya tsaya gaban liman ya ce, da muryar nan tasa da ake ji har bayan gari, "Jama'a, ni ban ga wata ba. Yaro ya nuna, na bi hannunsa. Idona ya yi rauni, na daɗe ina ɓoyewa. Ku yafe mini." Nan take surutu ya ɓarke. Wasu suka ce Allah ya saka, wasu suka ce wannan wane irin wasa ne da mutane. Liman ya ce a ta da asham, gobe azumi.

Ba a yi mini da sauƙi ba. Matan gidanmu da suka jiƙa shinkafa suka yi ta harara, 'yan mata da lalle a hannu suka yi ta zagina, abokaina suka laƙaba mini Mai Wata, sunan da har yau wasu ke kirana da shi in na je gida. Baffa ya yi kusan wata guda ba ya amsa gaisuwata da kyau. Da na koma wurin Iya na ce ta ƙarasa labarin, a gajarce ta ƙarasa shi. Ta ce madugu da malam suka dubi juna, kunya ta kama su, suka juya ayari, suka rama sallolinsu, suka isa Makka a makare amma sun isa. Na ce shi ke nan? Ta ce me nake so kuma, a yi musu kiɗa?

Washegari da yamma muka koma masussuka. Wannan karon babu mai buƙatar a nuna masa. Wata ya fito sarai a saman kukar nan, da ɗan kaurinsa, ya kuma daɗe bai faɗi ba. Nan take tsofaffi suka fara cewa wannan ai ɗan kwana biyu ne, yaron nan da gaskiyarsa jiya. Wasu suka ce a'a, haka yake yi in an cika talatin. Na ruga gida ina haki na ce, "Iya, ashe na gan shi. An ce na kwana biyu ne. Na sa Baffa ya ji kunya a banza."

"Wataƙila ka gan shi," ta ce. "Amma jiya da ka durƙusa a zaure, ka san ka gan shi?"

"A'a."

"To abin da ka sani ka faɗa. Ba a tambaye ka abin da ke sama ba, an tambaye ka abin da ke idonka."

A lokacin haushi na ji, na ga kamar ta ƙwace mini nasarata sau biyu. Na girma kafin na gane. Har yau ban san ko wata na gani a daren nan ko ruwan idona ba, kuma na daina neman sani. Baffa bai rasa ladancinsa ba. Bayan Sallah aka kai shi asibiti a Daura aka yi masa aikin ido, ya dawo da tabarau mai kauri, ya ci gaba da kiran salla har tsufa ya zaunar da shi. Abin mamaki, bayan ranar nan an fi yarda da maganarsa. In ya ce ya ga abu, babu mai sake tambaya.

Duk wannan ya dawo mini a shago, Ummi na tsaye tana jiran amsa. Na ɗauki wayar na sake sauraron saƙonnin ɗaya bayan ɗaya. Wannan ya ce an ce, wancan ya ce yanzu aka turo masa, wani ya ce ƙanin matarsa ne ya ji. Babu ko mutum guda da ya ce ni na gani. Na ce mata, "Ban sani ba, Ummi. Ji na yi, kuma waɗanda na ji wurinsu su ma ji suka yi. Mu jira sanarwar waɗanda aka ɗora wa tantancewa." Ta gyaɗa kai ta ɗauki kwanonta. Faɗan da na tanadar mata ban yi shi ba. Tsoron bai bar ni ba, kada in yi ƙarya. Duniyar da za ta girma a ciki ta fi tamu yawan masu magana, kuma ban san irin tambayoyin da za ta kawo mini nan gaba ba. Abin da na yanke kawai shi ne in ta kawo su, a gabana za ta sauke, in na sani in ce na sani, in ban sani ba mu tafi wurin malami tare.

Akwai abu ɗaya da ya rage daga wancan azumin, wanda duk danginmu suka ce ƙirƙira na yi. Da asubar ranar talatin, bayan an ci sahur, ina kwance a ɗakin Iya na juya wa ƙofa baya, ta ɗauka barci nake. Baffa ya fara kiran assalatu, muryarsa ta ɗan dushe kamar wanda bai runtsa ba. Iya na zaune a bakin gado da carbi. Ta dakata da ja, ta saurara har ya kai ƙarshe, sannan ta ce a hankali, "Allah ya yi maka albarka, Ilyasu."

Da na faɗa wa Hanne bayan rasuwar Iya, dariya ta yi ta ce matar da ta shekara hamsin ba ta kama sunan nan ba, wa ya ji? Na ce ni na ji. Ba gaya mini aka yi ba, ba tsammani nake ba. A kan wannan ko gaban wa aka kai ni zan rantse.